Sharhi: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba, Me Ya Hana A Zaga Tarihin Abuja Da Ƙafa?

Duk magidancin da ke zaune a Dutse Alhaji ya san nauyin da ke hawa kansa ranar da baƙi suka sauka daga gida. Bayan an ci abinci an huta, an tambayi lafiyar mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sai wani daga cikin yara ya furta abin da manya ke jin nauyin faɗa: yaushe za a kai mu mu ga Abuja? Tambayar tana kan hanya, domin yaron ya lura cewa unguwar da aka sauke shi, da lungunanta da 'yan acaɓarta da hayaniyar kasuwarta, ba ta yi kama da Abujar da yake gani a talabijin ba.

Abin da mai gida kan yi shi ne ya ari mota ko ya ɗauki shatar tasi, a cika ta da yara, a hau babbar hanyar Kubwa, a yi tafiyar kimanin kilomita 20 zuwa tsakiyar birni. Daga nan sai nuni da yatsa. Ga Masallacin Ƙasa can, ga koriyar ƙubbar Majalisa can, wancan dutsen da ke bayanta shi ne Aso. Direba ba zai tsaya ba, don babu wurin tsayawa, inda kuwa aka sami wurin, akwai mai bindiga da zai ɗaga hannu ya ce a yi gaba. Kafin la'asar an komo gida, yara kuma za su koma makaranta su ce sun ga Abuja, alhali ko tafin ƙafarsu bai taɓa ƙasarta ba.

A ranar 3 ga Fabrairun 2026 Babban Birnin Tarayya ya cika shekara 50 da kafuwa, idan aka ƙirga daga ranar da Janar Murtala Ramat Muhammed ya sanar da shawarar ɗauke fadar gwamnati daga Legas, bisa rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yi ta lissafin hanyoyi da gadoji da aka gina cikin waɗannan shekaru, kuma lissafin yana da tsawo. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wannan: a birnin da aka gina da dukiyar kowa domin ya zama alamar haɗin kan ƙasa, ina ɗan ƙasa zai sauka daga mota ya taka da ƙafarsa, ya ga tarihin ƙasarsa, ya nuna wa 'ya'yansa?

Ba rashin abin gani ba ne matsalar. Wanda ya shimfiɗa taswirar tsakiyar birnin zai yi mamakin yadda wuraren suke kusa da juna. Zai iya farawa daga Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa, inda aka adana tarihin rayuwar janar ɗin da ya rasu a gidan yarin Abakaliki a watan Disambar 1997, aka kuma gina wata gada da aka bari da gangan ba ta kai gaci ba, don nuna rayuwar da aka katse. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, mai ƙubbar zinariya da hasumiyoyi huɗu. Yana fuskantar Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa da aka kammala a 2005. Idan ya miƙe gabas zai wuce Sakatariyar Tarayya ya iske Dandalin Eagle Square, inda sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ranar 29 ga Mayun 1999, inda kuma ake rantsar da shugabannin ƙasa tun daga lokacin. A gabansa akwai kabarin sojan da ba a san sunansa ba, wurin da ake ajiye furanni kowace ranar 15 ga Janairu don tunawa da 'yan mazan jiya, sannan Majalisar Dokoki ta Ƙasa da Kotun Ƙoli. Idan ya karkata arewa zai faɗa lambun Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe ranar 4 ga Disambar 2003 lokacin taron ƙasashe renon Ingila, ya ƙare a dandalin Unity Fountain, inda masu fafutukar ceto 'yan matan Chibok suka yi ta zaman dirshan tun daga 2014. Duk wannan zagaye kilomita kaɗan ne, abin da mai lafiya zai cinye cikin sa'a biyu ko uku har da hutawa.

A kan takarda ke nan. A ƙasa kuwa, wanda ya gwada zai faɗa maka cewa tafiyar ba ta yiwuwa da yara. Titunan da suka ratsa yankin manyan hanyoyi ne masu layi uku ko huɗu kowane hannu, motoci na gudu a kansu kamar a hanyar Kaduna. Akwai daɓen masu tafiya a ƙasa a wurare da dama, amma yakan yanke ba zato, ko a tarar an ajiye motoci a kai, ko an ɗauke murfin ramin magudanar ruwa an bar shi a buɗe. Bishiyoyin inuwa ba su da yawa a tsakanin gine-ginen, a garin da zafi kan haura digiri 35 a watan Maris. Babu bencin zama, babu famfon shan ruwa, ban-ɗaki kuwa sai wanda ya san hanyar masallaci. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ba ka cika ganin allo ko ɗaya da zai gaya maka me kake kallo ba, wa ya gina shi, yaushe, kuma don me.

Masu tsara birnin ba haka suka nufa ba. Babbar taswirar Abuja, wadda gamayyar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ta miƙa wa gwamnati a 1979, ta ɗauki darasi daga Washington. Tsakiyar birnin kuma an ba wa Kenzo Tange ne ya zana, masanin gine-ginen nan na Japan da ya yi suna da lambun tunawa da harin nukiliya na Hiroshima, wurin da miliyoyin mutane ke zagawa da ƙafa. A zanensa akwai doguwar farfajiya da za ta taso daga mazaunin rassan gwamnati uku a gindin dutsen Aso, ta ratsa tsakanin ma'aikatu, ta kai ga dandalin ƙasa da yankin al'adu. An gina titunan da ke gefe da gefe, an gina ma'aikatun, amma tsakiyar da aka keɓe wa mai tafiya a ƙasa ita ce aka bari a baya.

Yana da kyau a duba abin da aka kwaikwaya. A Washington, daga ginin majalisar dokoki zuwa wurin tunawa da Abraham Lincoln tafiyar kimanin kilomita 3 ce a cikin fili mai ciyawa da bishiyoyi, kuma a gefensa gidajen tarihi na Cibiyar Smithsonian ne a jere, na tarihin ƙasa, na jiragen sama da sararin samaniya, na halittu, na zane-zanen Afirka, da na tarihin baƙaƙen fatar Amurka da aka buɗe a 2016. Ba a biyan ko sisi a ƙofa. Jirgin ƙasa na cikin gari yana da tasha a tsakiyar filin, ta yadda talakan da ke zaune a bayan gari zai iya kawo iyalinsa ba tare da ya mallaki mota ba. Abin da ke jan mutane can ba tsayin gine-gine ba ne kawai, a'a, akwai ƙofofin da ake shiga, akwai kuma abin da za a gani idan an shiga.

Wannan shi ne babban giɓin Abuja: ba ta da babban gidan tarihi na ƙasa. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja a 1979, tana da hedkwata a Abuja, tana kuma kula da gidajen tarihi fiye da 50 a faɗin ƙasar nan. Na Esie ya soma a 1945, na Jos a 1952, na Onikan a Legas a 1957, ga Gidan Makama a Kano, ga na Kaduna da na Benin. Babban birnin ƙasa kuwa ba shi da irinsu. Haka ma hukumar da ke adana zane-zane da sassaƙe-sassaƙen zamani na ƙasa, ofisoshi take da su a Abuja, ba ta da babban ginin dindindin da jama'a za su shiga su kalli abin da ta tara. Akwai ƙaramin gidan tarihin kuɗi a Babban Bankin Najeriya, amma a cikin hedkwatar bankin yake, inda shiga sai an bi matakan tsaro. Akwai kuma wasu gidajen baje zane na 'yan kasuwa a Wuse da kan hanyar filin jirgin sama, waɗanda ke iya ƙoƙarinsu, sai dai ba su ne za su ɗauki nauyin tarihin ƙasa ba.

Sakamakon wannan giɓi yana da ban takaici idan aka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Motar marsandi da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, kwana goma kacal bayan ya kafa Abuja, tana ajiye a gidan tarihi na Legas. Yaron da ya taso a birnin da Murtala ya kafa, yake bin babbar hanyar da aka sa wa sunansa kullum zuwa makaranta, sai ya je Legas kafin ya ga abin da ya rage na mutumin. Gumakan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara dubu biyu, an tono su ne a kudancin Kaduna da kewaye, kuma Taruga, inda aka gano wasu daga cikin tsofaffin matoyar ƙarfe na yammacin Afirka, ba ta da nisa da Abuja. Mai son ganinsu sai ya nufi Jos ko Kaduna ko Legas. A watan Disambar 2022 ministar harkokin wajen Jamus ta lokacin, Annalena Baerbock, ta kawo rukunin farko na tagullar Benin da ƙasarta ta maido, aka yi bikin karɓa a Abuja, amma birnin ba shi da ɗakin da zai ajiye su jama'a su gani ko da na wata guda ne. Da ƙasar Holan ta maido guda 119 a watan Yunin 2025, a gidan tarihi na Legas aka yi bikin. Batun wanda ya mallaki kayan Benin magana ce dabam, wadda gwamnatin Muhammadu Buhari ta yanke a 2023 cewa na Oba na Benin ne. Amma ko aro za a yi na ɗan lokaci, sai da wurin da za a sa abin da aka aro.

Wurin da aka tanada don haka yana nan tsaye, kowa na ganinsa. Tsakanin masallaci da coci akwai dogayen ginshiƙan kankare da ake hange daga nesa, waɗanda baƙi da yawa kan zaci bututun wata masana'anta ne. Ita ce hasumiyar Millennium Tower, mai tsayin mita 170, wadda masanin gine-ginen Italiya Manfredi Nicoletti ya zana, shi ne kuma ya zana lambun Millennium Park. An soma aikin a 2006 a hannun kamfanin Salini, da niyyar kammalawa a 2011 lokacin da gwamnati ke cika shekara 20 da ƙaura zuwa Abuja. A gindinta aka shirya gina cibiyar al'adu ta ƙasa, mai ɗauke da gidan tarihi da zauren wasanni da ɗakunan baje koli. Hasumiyar ta tashi, kuɗi suka yanke, aikin ya tsaya. Jim kaɗan bayan ya kama aiki a 2023, Ministan Babban Birnin Tarayya Nyesom Wike ya bayyana aniyar kammala shi cikin shekara biyu, daga baya kuma ya yi bayanin cewa kuɗin da aikin ke nema yanzu ya kai ɗaruruwan biliyoyin naira, abin da kasafin birnin ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Maƙwabcinta kuwa shi ne ginin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda shi ma aka ba da kwangilarsa a 2006, har yau ba a shiga ba. Lamarin ya kai ga uwargidan shugaban ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta roƙi masu son yi mata kyautar cika shekara 65 a watan Satumbar 2025 su zuba kuɗin a asusun kammala ginin, aka tara fiye da naira biliyan 20. An yaba da niyyar, an kuma yi ta tambayar yadda ɗakin karatun ƙasa ya koma jiran gudummawar bikin haihuwa.

To, a tsakiyar zagayen da muka zana a sama, daidai inda ya kamata mai ziyara ya sami inuwa da abin kallo da wurin zama, kangaye biyu ne kewaye da shinge.

Sai batun tsaro, wanda ba adalci ba ne a yi magana a kansa kamar shingayen sun faɗo daga sama. Ranar 1 ga Oktoban 2010, ana tsakiyar bikin cika shekara 50 da samun 'yancin kai, bama-bamai suka tashi a cikin motoci kusa da Eagle Square, mutane aƙalla 12 suka mutu. Ranar 16 ga Yunin 2011 aka kai hari hedkwatar 'yan sanda, ranar 26 ga Agustan wannan shekara kuma ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2014 aka kai na tashar Nyanya. Bayan harin 2010 an shafe shekaru ana yin bikin ranar 'yanci a cikin fadar shugaban ƙasa maimakon dandalin jama'a. Tun daga lokacin aka jera tubalan kankare a gaban ma'aikatu, aka toshe wasu hanyoyi, ɗaga waya don ɗaukar hoto a kusa da ginin gwamnati ya zama abin da ke iya jawo wa mutum tambayoyi. Jami'in da ke bakin ƙofa ba shi da laifi, umarni aka ba shi, kuma idan wani abu ya faru shi za a fara tuhuma.

Abin dubawa shi ne matakan da aka ɗauka na gaggawa sun zama na dindindin ba tare da wani ya zauna ya sake auna su ba. Washington ta ga harin 11 ga Satumbar 2001, ta ƙara bincike a ƙofofin gidajen tarihinta, amma ba ta rufe su ba. Habasha, wadda ba ta rasa nata rigingimun ba, ta buɗe wani sashe na harabar tsohuwar fadar Sarki Menelik a Addis Ababa ga masu ziyara a 2019, alhali a cikin wannan harabar ofishin firaminista yake. Ana bincika mutum a ƙofa, ya sayi tikiti, ya shiga. Bambancin shi ne can an ɗauki mai ziyara a matsayin wanda ake jira, aka shirya yadda za a tace shi. A nan kuwa kabarin sojan da ya mutu domin ƙasa, wanda ya kamata ɗaliban firamare su riƙa zuwa da malamansu, akasarin mutane a talabijin suke ganinsa sau ɗaya a shekara.

Ga mazaunin Dutse Alhaji kuma akwai shingen da ya riga duk waɗannan, wato isa wurin. An tsara Abuja don mutane miliyan uku da 'yan kai, kuma an tsara ta ne a zamanin da ake ganin mota ita ce makomar kowane birni. Ma'aikatan da ke share ofisoshi, da direbobi, da malaman makaranta, da ƙananan jami'an gwamnati, tsadar haya ta tura su Dutse da Kubwa da Bwari da Nyanya da Mararaba. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, zamanin Malam Nasir El-Rufa'i, daga baya aka hana ƙananan motocin bas, ba a kuma samar da wadatattun manyan motocin da za su maye gurbinsu ba. Jirgin ƙasa na cikin gari, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2018, ya tsaya lokacin annobar korona, aka sake buɗe shi a watan Mayun 2024, bai biyo ta Dutse ba. Mai son hawansa sai ya tafi Kubwa, ya hau zuwa Idu, ya sauya wani zuwa tsakiyar gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kai iyali mai mutum shida cikin gari da dawowa ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu, ga kuma fargabar 'yan fashin da ke shigar direbobin tasi. Uban da ya kashe wannan kuɗi ya tarar babu ƙofar da za a buɗe masa, ba zai sake ba.

Abuja ba ita kaɗai ke da wannan ciwo ba. Brasilia, babban birnin Brazil da aka buɗe a 1960, an daɗe ana sukarsa da cewa an gina shi don mota aka manta da ƙafa. Maganin da suka samo mai arha ne: kowace Lahadi ana rufe babbar hanyar da ta ratsa birnin, a bar wa masu tafiya da masu keke. Kigali ta Ruwanda ma tana da ranakun hana mota tun 2016. Mu da muka san Yamai ba ma buƙatar tafiya nesa haka. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, yana tsakiyar gari, yana da gidan namun daji da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa da ke aiki a gaban mai kallo, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, da ragowar bishiyar nan ta hamadar Tenere. Nijar ba ta kai Najeriya arziki ba, amma ɗan Yamai yana da inda zai kai baƙonsa. Ko a Kano, duk da yadda aka cinye badala da gine-gine, mutum zai fito daga Gidan Makama ya tsallaka ƙofar fadar sarki, ya wuce masallacin Juma'a, ya ratsa Kurmi, ya hau Dala, duk da ƙafa, a yini guda.

Za a ce, kuma ana faɗa, cewa ƙasar da mutane ke fama da abin da za su ci ba ta da hurumin zuba ɗaruruwan biliyoyi a hasumiya. Wannan magana tana da nauyi, kuma mazaunin Dutse Alhaji da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa, alhali madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da birnin tana bayan gidansa, shi zai fara amincewa da ita. A ganina ma kuskuren farko shi ne ɗaure gidan tarihin ƙasa a ƙafar hasumiya mai gidan abinci a samanta, ta yadda ƙaramin abu mai muhimmanci ya zauna jiran babban abu na ƙawa. Hasumiya tana iya jira. Ta Washington, wadda tsayinta mita 169 ne, kusan daidai da tamu, an aza harsashinta a 1848, kuɗi suka ƙare a 1854, ta yi kimanin shekara 25 a tsaye kamar kututture kafin a koma kanta a kammala a 1884, har yau ana ganin inda launin dutsen ya sauya. Amma Amurkawa ba su jira ta ba kafin su buɗe gidan tarihi. Yaron da aka haifa a Dutse shekarar da aka soma Millennium Tower yanzu ya kai shekara 20, ya gama sakandare ba a taɓa kai ajinsu gidan tarihin ƙasa ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa kuɗi ba sa samuwa idan an so. Cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa da aka gina a 1991 an gyara ta cikin 'yan watanni a kan naira biliyan 39, aka buɗe ta a watan Yunin 2025 da sabon suna. Gwamnatin birnin ta nuna cikin shekaru biyun nan cewa tana iya kammala ayyukan da aka yi watsi da su, musamman hanyoyi, har da na ƙauyuka. Kaso kaɗan na irin wannan kuɗi zai isa a gyara ɗaya daga cikin gine-ginen gwamnati da ke tsakiyar birni, a sa masa na'urar sanyaya ɗaki da tsaro, a aro kayan Nok da Ife da Igbo-Ukwu da Benin da rubuce-rubucen ajami na Sakkwato da Borno daga ɗakunan ajiyar hukumar gidajen tarihi, inda da yawansu ke kulle ba mai ganinsu. Dasa bishiyoyi da rufe ramuka da zana wurin tsallaka titi ba aikin biliyoyi ba ne. Haka ma alluna. Titunan Abuja kansu littafin tarihi ne da ba a buɗe ba: Ahmadu Bello, Herbert Macaulay, Aminu Kano, Obafemi Awolowo, Tafawa Ɓalewa, Ladi Kwali. Sadara huɗu a kan allo, da Ingilishi da Hausa da Yarabanci da Ibo da Gbagyi, za su gaya wa mai wucewa ko wane ne mai sunan.

Abin da ke hana irin waɗannan ƙananan ayyuka shi ne ba su da uba ɗaya. Titi da fili na hukumar raya birnin ne, kayan tarihi na ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido ne ƙarƙashin Minista Hannatu Musa Musawa, ɗakin karatu na ma'aikatar ilimi ne, shingaye kuma na jami'an tsaro ne, waɗanda ba sa karɓar umarni daga ko ɗaya cikin ukun. Ga shi kuma mazauna Abuja ba su da gwamna ko majalisar jiha da za su riƙe. Tsarin mulki ya ɗora wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa yi wa birnin doka, shugaban ƙasa kuma ke naɗa minista. Ɗan Dutse Alhaji yana zaɓen shugaban ƙaramar hukumar Bwari da kansilansa, amma ikonsu bai kai Eagle Square ba.

Akwai kuma tambayar tarihin wa za a nuna idan an buɗe ƙofar. Kafin 1976 wannan ƙasa ba daji ba ce da babu kowa. Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana suna nan da garuruwansu da gonakinsu da kaburburan kakanninsu, da yawansu kuma an tashe su ko birni ya haɗiye su. Sunan Abuja kansa aro ne daga garin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da gidansu daga Zariya, garin da ya koma Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. A can ne Baturen nan Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, matar da hotonta ke bayan takardar naira 20. Babu wani wuri a tsakiyar birnin da mai ziyara zai ji wannan labari a jere.

Abin da ya fi kusa da haka yana bayan Dutse ne, ba cikin gari ba. Ƙauyen Ushafa, a hanyar madatsar Usuma, yana da cibiyar ginin tukwane inda matan Gbagyi ke aiki da hannu kamar yadda iyayensu suka yi, nan ne kuma aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton a watan Agustan 2000. Ni kam yanzu can nake fara kai baƙina kafin mu shiga gari, domin a can yara suna sauka daga mota, su taɓa yumɓu, su yi tambaya a amsa musu, ba wanda ke ce musu a yi gaba.

Ranar 12 ga Disambar 2026 za a cika shekara 35 da ranar da Janar Ibrahim Babangida ya ƙauro da gwamnati daga Legas. Kafin nan kasafin kuɗin birnin da na ma'aikatar al'adu za su sake bi ta gaban Majalisa, inda Abuja ke da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu, ɗaya daga cikinsu mai wakiltar Bwari. Su ne ke da damar tambayar ministocin biyu, a zaman kare kasafi, wane gini ne za a buɗe wa 'yan makaranta kafin wannan rana, kuma nawa aka ware masa.